Idon Dama na Tanna

Shekarar da damina ta tsaya tun hatsi bai kai gwiwa ba, sojojin da ke mulki suka sake tuna da makafin garin Tchaké. Aka yi shela cewa masu cire yanar ido sun sauka Mayahi, kuma duk wanda aka yi wa aiki zai koma gida da tiya goma ta hatsi.

Tanna ta san wannan alherin sarai. Bara su ne suka cire mata yanar idon dama, suka saka mata ɗan gilashin roba a ciki. Ta ga duniya tas har kaka, daga nan gilashin ya fara fari kamar ruwan tsari, har ya zama ba ta bambanta mutum da kututture. Rabin tsofaffin garin haka suka ƙare. Ko wane marar kunya ne ya ƙera abin, ko wane ɓarawo ya sayo shi da kwali-kwali, oho. Idon hagu ya rage mata, mai yana-yana, amma da shi take gane hanyar rijiya.

Ɗanta Amani ya yi ta kewaye-kewaye, ƙarshe ya faɗa mata rumbu ya ƙare. Ta ji haushinsa, ta kuma ji tausayinsa. Ta hau amalanke zuwa Mayahi.

A bakin rumfar aikin wani mai farar riga yana ɗiga wa mutane tawada a goshi, saman idon da za a yanka. Ko fuskarta bai kalla ba. Ya tambayi wanne, ta nuna na dama.

Likitan ciki ya haska fitila, ya daɗe yana dubawa. Ya tambaye ta wa ya saka mata wannan gilashin.

"Ku ne, bara war haka," in ji ta. "Na hagun ba na sayarwa ba ne."

Ya kalli kwalin gilasan da ke gefensa, irin na bara sak. Bai taɓa idon ba. Ya rufe shi da auduga, ya ce a kawo na gaba.

A waje kwamandan sojojin ya miƙa mata buhu yana washe baki, aka ɗau hoto, aka ƙirga ta cikin waɗanda suka warke. Da idon hagun ta ga layin tsofaffi har bakin hanya, kowa da ɗigon tawada a goshi.