Goyon Ɗan Fari

Kulu na cikin dakan geron kunun kanwa, jikanta ɗaure a bayanta, sai Hajo ta ɗage tabarmar da ke ƙofar zana ta shigo da riga a hannu.

"Yaya Kulu, jingine taɓaryar nan ki ga abin da na gani."

Hajo ita ce mai gidan, Bakanuwa mai sayar da fura, wadda ta ba Kailani, surukin Kulu, bukkoki biyu a bayan nata. Ta baje rigar a kan bakin turmi. Hannun dama ya yage tun daga bakinsa har gwiwa, ga baƙin mai ya ɓata shi.

"Jiya gyangyaɗi ya kwashe Kailani a tsaye, a bakin injin gurzar auduga. Ba don wani Banufe ya fizgo shi ba, da hannun ne ya tafi, ba rigar ba. Helma, shugaban leburori, ya ce in ya ƙara ya nemi wani aikin. Ni Kailanin ya ba rigar a ɓoye in aika wa maɗinki, don kada ku gani. To ni kuwa cikina ba rumbu ba ne."

Kulu ta daɗe tana duban yagar, sannan ta waiwaya ta hararo wanda ya jawo abin. Isiyaku na can kwance luf a bayanta, baki buɗe, yawu na zuba a kan majanyi, kai ka ce bai taɓa ɓata wa kowa rai ba.

"Ka ji aikinka, Maigida," ta ce da shi, don haka take kiransa, irin wasan kaka da jika. "Miji ne kai ko ɓarawo, da ba ka fita aiki sai dare ya yi?"

A wancan zamani Tudun Wada ba ta wuce bukkoki da dangogin zana ba, sabuwar unguwa a bayan ganuwar Zariya, inda baƙi suka taru saboda jirgin ƙasa da audugar Nasara. Tarin mutum ma maƙwabcinsa na ji, balle kukan jariri. Kowa a kewayen ya san Isiyaku ya mai da dare rana. Yini yake yi yana barci, in sawu ya ɗauke ya buɗe ido tar, can kuma ya ɓarke da kuka har kiran assalatu. An sha rubutu, an ɗaura laya, abu ya ƙi. Ubansa kuwa da sanyin safiya yake tsallaka rafin Kubanni zuwa gidan auduga, idanu jawur.

Bisa al'ada 'yar Kulu, Ishatu, ita ce ya kamata ta je gida Maska ta haihu, tunda ɗan fari ne, amma haihuwa ta riga shiri. Sai Kulu ta biyo jakan masu auduga ta zo yi mata wankan jego. An yi arba'in tuni, sai dai wankan fari akan ƙara shi, kuma Kulu ba ta ga abin da take gaggawar komawa ta tarar ba. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza sun yi nasu gidajen. Gaskiya dai, daɗi take ji. Rabon bayanta da ɗumin goyo har ta manta, yanzu kuwa daga wankan safe zuwa na yamma yaron ba ya sauka sai in za a ba shi nono.

Ba maganin ne ba ta sani ba. Yaro in ya ƙoshi da barcin rana, dare ba shi da abin da zai ba shi. A bar shi ya ɗan runtsa da hantsi, ya ƙara bayan azahar, daga la'asar kuwa ido biyu har a yi magariba. Haka ta yi renon nata. Sai dai sanin magani daban, shansa daban, don ita ce za ta sauke shi.

Ta sauke shi. Ta shimfiɗa zane a inuwa ta kwantar da shi, ta shafa masa ruwa a tafin ƙafa, ta kaɗa masa ludayi a cikin ƙwarya. Ya buɗe ido ɗaya ya dube ta kamar wanda aka tasa a kan maganar banza, ya tsuke baki, ya fara ƙananan kuka. Kuka kuwa Kulu ba ta iya jinsa ba. Kafin ta ankara ya koma baya, kafin ta ɗaga taɓarya ya yi nisa.

Ta leƙa ɗakin mai jego. Ishatu na zaune a bakin gado tana kaɗi, mazari na juyawa a kan 'yar fata.

"Ke, ajiye abawar nan ki karɓe shi. Ki ɗan motsa shi, kada ya yi barci."

Ishatu ta sunkuyar da kai. "Inna, ai yaron nan ya ƙoshi."

"Ban ce yunwa yake ji ba."

Ishatu ta juya fuska wajen bango, mazarin ya ci gaba da juyawa. Kulu ba ta ji haushi ba, sai ma wani ɗan alfahari da ya taso mata. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma yarinya ta riƙe ta yadda ake so: ba ta faɗin sunansa, ba ta dubansa a gaban manya, ko nono za ta ba shi sai ta ja mayafi ta kau da kai. Ita kanta Kulu haka take da Ishatu, don ita ce 'yar farinta. Tun da ta haife ta "ke" take ce mata, ko "yarinyar nan".

Da azahar ta gabato ta duba tukunya ta ga kanwa ta ƙare. Rana ta take, ba a fita da jariri a cikinta. Dole ta kwance shi ta kwantar a gefen gadon uwarsa, yana ta barcinsa, ta ɗauki mayafi ta nufi kasuwa. Tun zuwanta ba ta taɓa barin su su biyu da rana ba.

Ba ta daɗe ba, don mai kanwar a bakin kasuwa yake. Ta biyo ta bayan gida inda danga ta kusa da ɗakin mai jego, ta ji wata 'yar dariya da ba ta san mai ita ba. Ta tsaya. Akwai wurin da akuya ta ci zanar, ta sunkuya ta leƙa.

Ishatu ta fito da shi bakin ƙofa, inda haske yake. Ta miƙe ƙafafu ta zaunar da shi a kan cinyoyinta, fuska da fuska. Yaron da ruwan sanyi bai tasa ba, ga shi ido tar yana wutsil-wutsil da hannu yana ɓangale baki. Ta sa hancinta a cikinsa ta hura, ya ƙyalƙyale.

"Isiyaku," ta ce a hankali. "Isiyakuna. Ka ga rana? Wannan ita ce rana. Da dare ba ka ganina sosai, ko? In jira Inna ta yi barci, in tashe ka, sai laluben fuskata kake yi a duhu. To dube ni yanzu da kyau, kafin ta dawo."

Kulu ta miƙe a hankali, ƙullin kanwa a hannu. Ashe yaro ba shi da laifi. Ya gane lokacin da yake da uwa ne, ya ajiye idonsa domin lokacin. In an gama wasan, barci ya riga ya gudu, sai kuka.

Ba ta yi mamaki ba, kuma abin da ya fi sosa mata rai ke nan. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta tuna wani ɗaki a Maska, tun kafin a ji labarin Nasara, lokacin da duniya take kwance kuma ba abin da ke tada mutum sai zakara. Ta tuna ƙamshin hayaƙin itacen da ake hurawa ƙarƙashin gado, da minsharin uwar mijinta, wanda take jira kamar mai azumi da kiran magariba. Da ya fara sai ta jawo jaririyar, ta shinshini kanta, ta sa ɗan yatsa a tafin hannunta ta ji an damƙe. Nan ne kaɗai 'yar take zama tata. Da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta, kamar yadda ake yi, Kulu ta tsaya tana tankaɗe ko ɗaga kai ba ta yi ba, mata suna yaba mata. Ranar ta yi kuka a bayan rumbu har muryarta ta dushe, ta ce da mutane mura ce. Waɗancan dararen su ne mafi daɗin abin da ta samu a duniya, kuma ba wanda ya san ta same su.

Ba ta shiga ba. Ta zagaya ta ƙofar gaba ta zauna wajen Hajo, wadda ke mulmula fura, ta ba ta labari a taƙaice.

Hajo ta yi dariya har da tafa cinya. "To ai abin ya zo da sauƙi. Shiga ki ce mata ta yi wasa da ɗanta da rana, ke kin yafe. Nan Tudun Wada ne, Yaya Kulu, kowa baƙo ne, wa zai kai labari Maska?"

"Da wane bakin zan faɗa? Ko na faɗa ba za ta iya ba. Muddin idona na gidan nan, bango za ta duba. Ni na san irin tarbiyyar, a gabana aka yi mata ita."

"Sai ki riƙa yini a nan wajena."

"Tana jin tarina ta bayan zana? Ai kunne ma ido ne a wajen mai kunya." Kulu ta juya ƙullin kanwar a hannunta. "Yaushe masu jakan Maska za su juya?"

Hajo ta daina mulmular. "Gobe da sassafe, na ji suna faɗa. Haba, Yaya Kulu."

"Za ki ƙarasa mata wankan? Ruwan ya tafasa sosai, kada ki ji tausayinta."

Ta zauna nan har inuwa ta miƙe, tana jiyo 'yar dariyar daga nesa, tana ɗaukewa tana dawowa. Sai da aka yi la'asar ta tashi, ta yi gyaran murya tun daga nesa, ta ja takalmi da ƙarfi. Ta tarar da yaron kwance inda ta bar shi, uwarsa na kaɗi tana duban bango, sai dai numfashinta bai gama daidaita ba. Kulu ba ta goya shi ba. Ta riƙe shi a cinya tana yi masa tsiya har aka yi magariba, ya kama nono, barci ya sace shi a kai.

Tana ɗaure kayanta ta yi magana, ba da 'yarta ba, da mai barcin.

"Maigida, na gaji da auren nan, gobe zan tafi gidanmu. Ka faɗa wa mutanen gidanku, barci kaɗan da hantsi, kaɗan bayan azahar. Sauran yinin a yi ta hira da kai a cikin haske. In dare ya yi a ƙyale ka, a ƙyale ubanka."

Mazarin ya tsaya. Ishatu ba ta juyo ba, amma Kulu ta ga ta kai bakin mayafi ga idonta.

Da gari ya waye Kailani ya durƙusa daga bayan zana ya yi godiya da ban kwana, muryarsa wasai. Masu jakai suna jira a bakin hanya. Kulu ta ɗora ƙunshinta a ka, ta kai ƙofar gida, ta ji sawu a bayanta. Ishatu ce ta biyo ta rakiya, kai a sunkuye, da yaron goye a bayanta a gaban kowa. Ba ta taɓa goya shi ba, kuma abin ya nuna: yaron ya karkace, ƙafa ɗaya ta zubo, majanyin ya kusa kwancewa.

"Ke, tsaya. Haka ake yi?"

Kulu ta sauke ƙunshin. Ta tura yaron sama, ta gyara ƙafar, ta zagayo gaba ta kama bakin majanyin biyu ta ja, ta ƙulla a ƙirjin 'yarta. Ƙullin ya ɗauru tun da farko. Mai jakai ya yi kira, ya sake yi, hannun Kulu na nan a kansa ba ta ɗauke ba.