Tabon Hannun Rauda

Duk Bauranya babu mai kitso kamar Rauda, matar Badaru. Jajibirin sallah tun daga Mawashi mata ke takowa su zube a tsakar gidanta, yatsunta na aiki, bakinta na zuba. Kan da ta kama sai ya yi wata guda bai tashi ba.

Daminar bara waccan wani tabo ya fito mata a hannun dama, fari-fari, faɗin bakin kofin shayi. Ta nuna wa maigidan.

Shi kuwa Badaru, Allah ya yi shi da son a ce ya sani. Akuya ta yi tari, shi ne likita. Babur ya ƙi tashi, shi ne bakanike. Ya kama hannun ya mintsini wurin.

"Da zafi?"

"A'a, Malam."

"Ƙaiƙayi fa?"

"Ko kaɗan. Ban ma ji ka taɓa ni ba."

"To me ya rage? Ƙyasbi ne. Abin da zai cuci mutum ai ciwo yake yi."

Da kaka ta yi, tabon ya ƙara faɗi, wani ya ɓullo a gadon baya. Rauda ta nemi izinin zuwa asibitin Kusada, ya ce ta bari a gama sussukar gero. Aka gama, aka shiga ta dawa. Ta sake tambaya, ya kawo mata wani man shafawa daga kasuwa. Tsoron kada masu kitso su gani su guje ta ya sa ta riƙa ƙunsa lalle har bisa tabon, shi kuma gogan naka har yaba dabararta ya yi. Da ta tambaya karo na uku, lokacin da tsinken kitso ya fara suɓuce mata, cewa ya yi gajiya ce.

Wata safiya ta ɗauke murfin tukunya daga kan wuta, tana riƙe da shi tana ba shi labarin rikicin maƙwabta. Shi ya ga fatar yatsanta ta tashi. Ita ba ta sani ba.

Nan gabansa ya faɗi. Ya goya ta a babur sai Kusada, daga can aka tura su asibitin Kankiya.

Likitar ta sa Rauda ta rufe ido, ta shafa auduga a kan tabon. Rauda ba ta ji taɓin ba. Likitar ta juyo wajen Badaru.

"Kuturta ce, Malam. Kada ka firgita, tana da magani, kyauta ma ake ba da shi, kuma za ta warke. Amma tabon da ya daɗe kuma ba a jin taɓi a kansa, ai shi ake rugowa da shi. Yatsun nan biyu da suka lanƙwashe, jijiyarsu ta daɗe da lalacewa. Ba na jin za su miƙe."

Wayyo Badaru! Ashe abin da ya kwantar mashi da hankali shi ne ciwon. Suka karɓi magani, suka koma gida.

Bayan sati uku maƙwabciyarsu Nana Aisha, wadda ta san duk abin da ake ciki, ta shigo da kai a tsefe don ta ƙarfafa wa Rauda gwiwa. Rauda ta tsaga, ta kama, gashin ya zame. Ta sake, ya sake zamewa. Can Nana Aisha ta ɗaura ɗankwalinta, ta fita tana share ido.

Badaru na zaure, ya ga fitarta. Ya shiga ya durƙusa gaban matarsa, hawaye shaɓe-shaɓe a gemu.

"Rauda, don girman Allah ki yafe mani."

Ta dubi hannun da ke kan cinyarta.

"Na yafe maka, Malam," in ji ta a hankali. "Amma fa sau uku na tambaye ka."