Sunan Ɗan Fari a Bakin Barira

Da aka kawo labarin cewa kamiyo, babbar motar kaya, ya take Khalid a hanyar Dogo, uwarsa Barira tana tankaɗe. Ta ajiye rariya, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna. Ba ta yi kuka ba. Ɗan fari ne, kuma a gidajen Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta yi masa kuka a gaban jama'a. Tun yana goye har ya yi gemu, "yaron nan" take ce masa.

Mata suka cika gida. Fanta, yayar mijinta, ta tsare bakin ƙofa tana nuna wa masu gaisuwa ɗakin kakar Khalid.

"Ku fara da tsohuwa, ita ta yi rashi. Barira kam kun ganta, ko gezau. Haka ake son 'yar mutunci."

Mutanenmu sun iya zaman makoki. Sun iya dafa gumba da shinkafa, sun iya lissafin wanda ya zo da wanda bai zo ba. Zama da wanda aka yi wa mutuwa ne ba su iya ba. Kowa ya ce mata "ya haƙuri", ba wanda ya tsaya ya ga ko akwai shi.

Abu ɗaya Barira take so: ta faɗi sunan nan da bakinta.

Bayan sadakar uku mutane suka ragu. Maƙwabciyarta Maryamu, Kirista mai aikin jinya, ta same ta a madafa tana juya tukunyar da ba kome a ciki. Ba ta ce mata ta yi haƙuri ba. Ta jawo turmi ta zauna.

"Yaya Barira, wa zai riƙa sace mini ƙanzo yanzu?"

Barira ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Yaron nan da ƙanzo. Ko ranar da zai tafi sai da ya kankare tukunya. Na ce masa ƙato da shi ba kunya."

"Wane yaro?"

Barira ta dube ta.

"Daga ni sai ke, Yaya. Wane yaro?"

Barira ta buɗe baki. Sunan ya fito a karkace, kamar na baƙo. "Khalid." Ta sake faɗa, wannan karon yadda ake kiran yaro ya zo cin tuwo. Sai kukan ya ɓalle, ta kifa kai a cinyar Maryamu.

Inuwar Fanta ta rufe ƙofar madafa.

"Barira, a gidan nan? Surukanki na tsakar gida suna ji. Ke kuma Maryamu, an gode da gaisuwa. Mu ba haka muke yi ba."

"Hajiya, ɗanta ne fa."

"Mun san ɗan wa ne. Sauka lafiya."

Barira ta riƙe bakin zanen Maryamu, sannan ta saki da kanta. Fanta ta miƙo mata buta ta wanke fuska, ta gyara mata mayafi, ta mai da ita kan tabarma.

Wata baƙuwa daga Hamdara ta durƙusa gabanta. "Ya haƙuri? An ce ko hawaye ba ki yi ba. Allah ya ba mu irin zuciyarki."

Barira ta dubi ƙasa.

"Da godiya," in ji ta.