Launin Cikin Jirgi

Alhaji Nomau ya shekara arba'in yana sayar da tabarmi da dardumar salla a unguwar Adjamé Liberté ta Abidjan, kuma kowa ya shaida mutum ne mai baki. Zai yi ciniki da Julanci, ya juya ya tsokani mai sayar da aloko, wato soyayyar ayaba, ya tare ɗan sanda da ragowar Faransancinsa na soja. A duk faɗin Abidjan mutum ɗaya ne bai taɓa samun doguwar magana daga bakinsa ba, wato ɗansa na fari, Shamsuddin.

Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce. Haka mahaifin Nomau ya yi masa a ƙauyensu na ƙasar Adar, shi kuma ya ɗauko al'adar cikin kayansa ya kawo ta bakin teku, ya riƙe ta gam bayan sa'o'insa duk sun saki. Ba ya kiran sunan yaron, sai dai ya ce "wancan". In yana da magana sai ya faɗa wa matarsa Rakiya ta isar, ko da kuwa su ukun suna zaune a kan tabarma ɗaya. Rakiya ta sha gaya masa cewa barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, shi kuwa sai ya ɗauki rediyonsa ya fita.

Shamsuddin ya girma, ya samu aiki a wani kamfanin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa, ya kama gida a unguwar Treichville da ke ƙetaren gada. Abin da ya ɗauke masa hankali tun yana ɗan makaranta shi ne haɗa ƙananan jiragen saman soja na da, na roba, waɗanda tsawonsu bai wuce kamu ɗaya ba. Ba ya yi musu aikin ganin dama. Sai ya shafe watanni yana tonon tsofaffin mujallu a wurin masu baza littattafai a ƙasa, yana rubuta wa mutanen da bai taɓa gani ba, don kawai ya tabbatar ko ƙofar wani jirgi dama take buɗewa ko hagu. Nomau ya ce wa Rakiya ta gaya wa wancan, ƙato da gemunsa bai kamata a gan shi yana wasan yara ba. Rakiya ba ta kai wannan saƙon ba.

Shekara shida da suka wuce Shamsuddin ya ji a bakin uwarsa cewa kafin mahaifinsa ya shiga fatauci, ya yi shekara uku yana ƙaramin soja a filin jirgin Yamai, yana kula da wani jirgin ɗaukar kaya mai wutsiya biyu da ake kira Noratlas. Nan take ya yi odar ƙaraminsa daga waje. Ya samu hotunan jirgin, amma duk baƙi da fari ne, kuma babu wanda ya nuna cikinsa. Sai ya aiko uwarsa da tambaya ɗaya: wane launi ne cikin jirgin?

"Ki ce mishi ni ba mai hwenti ba ne," in ji Nomau.

Alhali shi da hannunsa ya yi wa cikin jirgin fenti, yana kwance a kan katako, fentin yana ɗiga masa a ido. Ya san launin kamar yadda ya san tafin hannunsa. Gaskiyar da bai taɓa faɗa wa kowa ba ita ce tambayar ta yi masa daɗi, daɗin da ya ba shi tsoro. Tunda yaron ya yi wayo bai taɓa neman komai a wurinsa ba sai wannan. Duk salla Rakiya takan dawo da tambayar, shi kuma ya kawar da kai, don yana ganin ranar da ya amsa, shi ke nan, babu sauran abin da za a tambaye shi. Dattijo mai furfura, ga wayon ciniki, amma a nan wautarsa ta fi ta yaro.

Sai Rakiya ta kwanta ciwo na kwana tara, ta rasu. Aka yi zaman makoki, uba da ɗa suna karɓar gaisuwa kafaɗa da kafaɗa, ba mai ce wa wani uffan. Bayan sadakar arba'in gidan ya yi wa Nomau faɗi. Ya yi kewar matarsa, ya kuma gane cewa da ita aka binne hanyar da ke tsakaninsa da ɗansa.

'Yarsa Adawiyya ce ta fasa ƙwan, wata rana da ta kawo masa abinci. Ta ce masa jirgin nan yana nan a kan teburin yayanta a rabe biyu, kamar ƙwaryar da aka fasa. A wannan aikin ciki ake fara yi wa fenti, sannan a haɗa ɓangarorin biyu a manne, kuma in an manne babu buɗewa sai dai a farfasa. Jirage goma sha wani abu ya gama a tsakani, wannan kuwa kullum sai dai ya share masa ƙura ya rufe da ƙyalle.

"Shekara shida yana jiranka, Baba," in ji ta. "Ni kuma kada ka aike ni. Ba zan zama Inna ba."

Da mutum mai sauƙin kai ne, da a ranar zai hau mota ya je ya ce wa ɗansa kore ne. Nomau kuwa sai ya nemi hanyar da zai amsa ba tare da ya buɗe baki ba. Ya nufi shagon tsohon abokinsa Labaran, mai haɗa fenti a bayan unguwar 220 Logements, ya ce yana son kore irin na garin kuka da aka barbaɗa wa ɗan toka. Labaran ya haɗa, Nomau ya ce ya yi duhu. Ya sake haɗawa, Nomau ya ce ya yi haske. Suka shafa a kan gwangwani suka jira ya bushe, ya ce ai da ya bushe ya canja. Labaran ya yi masa tsiya har ya gaji, ya ce yaron da ke ƙetaren gada kawai ake yi wa wannan kwana-kwana kamar za a kai lefe. Nomau bai kula ba. Yana gwada fenti yana harhaɗa maganar da zai yi in fentin ya buɗe masa hanya: buhunan hatsin da suka kai arewa shekarar fari, da ƙarar injin da take sa haƙori kaɗawa, da ranar da ya fara ganin ƙauyensu daga sama ya kasa gane shi. Mako uku aka yi kafin ya ce yauwa.

Ranar Asabar da hantsi ya sa farar rigarsa, ya jefa ɗan gwangwanin a aljihu, ya hau tasin haɗaka da ake kira woro-woro zuwa Treichville. Bai taɓa taka gidan ɗansa ba. Shamsuddin ya buɗe ƙofa ya tsaya kamar wanda aka dasa, sannan ya durƙusa ya gaishe shi, ya shigar da shi, ya kawo ruwa. Suka zauna. Nomau ya sa hannu a aljihu yana neman bakin zaren.

Shamsuddin ne ya tashi ya shiga ciki, ya fito riƙe da wani abu da hannu biyu, ya ajiye a gaban mahaifinsa. Jirgin ne, cikakke, a manne, da wutsiyoyinsa biyu da tambarin Nijar a fikafikansa. Cikin Hausarsa mai tuntuɓe da Faransanci, idonsa a ƙasa, ya yi bayani. Da Inna ta rasu ya san babu mai kai tambayar kuma, shi kuwa ba zai iya tsayawa gaban mahaifinsa ya sa shi jin nauyi ba. Sai ya rubuta wa wani tsohon makanike Bature ta intanet, mutumin ya aiko masa hoto mai launi. Ranar Lahadin da ta wuce ya manne shi.

Ya miƙo gilashin ƙara girma da 'yar tocila. Nomau ya sunkuya ya leƙa ta wata taga da ba ta kai ƙwayar wake ba. Ga kujerun tamfol jere a jikin bango, ga zobban ɗaure kaya a ƙasa, ga 'yar matakalar da yakan zauna a kai ya ci gyaɗa. Komai yana inda ya bar shi shekara hamsin da suka wuce. Bangon kuwa ruwan toka ne fes, launin da jirgin ya zo da shi daga Turai kafin su Nomau su shafe shi da kore. Jirgin wani ne, ba nasa ba. 

"Baba," in ji Shamsuddin, kuma wannan ne karo na farko da ya tambaye shi abu baki da baki, "haka yake?"

Nomau ya san halin ɗansa ko da daga nesa ne. In ya ce a'a, yau ɗin nan zai sa wuƙa ya tsaga aikin da ya fi so. Ya dubi hannuwan yaron a kan gwiwarsa. Ya zaro nasa hannun daga aljihu, babu komai a ciki.

"Haka yake," ya ce.

Shamsuddin ya sauke numfashi, fuskarsa ta washe irin yadda Nomau bai taɓa gani ba. Ya ɗauki jirgin a hankali ya sa a cikin kabad ɗin gilashi tare da sauran, ya rufe.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "To shi ke nan, Baba. Ka huta. Ba zan ƙara damunka da tambaya ba."