Famfon da ke Akwatin Yaya Mani

Har gobe ba na gaida Yaya Mani. In mun haɗu a hanya, kau da kai nake. Mai cewa in yafe, ya je ya yafe nasa.

Maigidana ƙanen Mani ne, ciki ɗaya, kuma da fuka ya tashi. In ta taso masa, ƙirjinsa kuka yake kamar ɗan kyanwa a rumbu. Mun sha saiwa, an yanka wa aljana doguwa baƙar akuya a Lugu, duk a banza. Sai bayan Nasara sun miƙa mulki wani likita a lokotoron Dogon Dutsi, wato asibiti, ya ba shi ɗan famfon shaƙa. Ya koya masa ya fitar da numfashi, ya sa a baki, ya danna, ya ja, ya riƙe. Ya ce ko bayan gida za shi kada ya rabu da shi, kada ya ba kowa, kuma ya guji ƙaiƙayin sussuka.

Wallahi na ga aiki! Mutumin da ke kwana zaune sai ga shi yana minshari.

Ai kuwa sai Mani ya ji labari. Ya shigo ya miƙa hannu.

"A gidanga magani wurin babba shike zama. Haka mun ka tarar."

Maigidana kuwa, kunya ta yi masa yawa, bai taɓa musu da wansa ba. Ina zungurinsa, ina harara, ya ɗauka ya ba shi. Mani ya jefa a akwati ya kulle.

Daga nan ƙofar Mani ta koma lokotoro. Mai tari, mai mura, tsohon da goro ya shaƙe, kowa ya zo a fesa masa a baki, ya tafi yana sa albarka. Mani sai hura hanci yake. Na kasa haƙuri, na tare shi.

"Yaya, likita ya ce abin nan ƙarewa yake."

"Ke, rufe mini baki! Ana hana maƙwabci magani? Yaushe kin ka zo gidanga?"

Na juya na koma ɗakina.

Ranar kasuwar Dogon Kiriya, da rana tsaka, iska ta juyo daga masussuka ta cika mana gida da ƙaiƙayi. Maigidana ya dafe ƙirji ya zube bakin ɗaki, leɓɓansa suka yi baƙi. Mani na kasuwa, mabuɗi na aljihunsa. Na ɗauki gatari na farfasa akwatin. Na sa masa famfon a baki na danna, na girgiza na sake dannawa. Wayam! Ko ɗigo bai fito ba.

A kan amalanke ya cika, a hanyar lokotoro, ba mu ko hango Dogon Dutsi ba.

Ranar sadakar uku ina bayan zana, ina jin maza. Tsoho Issa, maƙwabcinmu, ya gama ta'aziyya, sai ya juya wurin Mani.

"Allah shi saka maka, Mani. Wancan famfo naka shi ya raba ni da mura."

Mai takaba ba ta fita cikin maza, na sani. Na fita. Na kwance famfon daga bakin zanena na jefa kan tabarmar Mani, ya gangara har gaban ƙafarsa.

"Ga shi, Yaya. Aje shi wurin babba."