Alhaji Tamba da Jirgin Abuja

Ranar da ruwan Agusta ya hana jirgin Abuja sauka a Birnin Kebbi, babu wanda ya kai Alhaji Tamba jin an ci masa mutunci. Ɗan kwangila ne a unguwar Gesse, ko da yake aikinsa ɗaya aka sani, wata kwalbati da ruwa ya tafi da ita a daminar farko. Ya iso filin jirgi cikin shadda mai sitaci, zai je a gan shi wurin walimar wani sabon darakta. Tare suke da yayarsa Hajiya Zakiyya, wadda ta taso daga Argungu don zuwa ganin ɗiyarta da ta haihu a Abuja.

Bayan azahar aka sanar an soke tashi. Nan take saƙo ya shigo wayar kowa: mutum ya latsa, ya zaɓi wata rana da kansa. Hajiya Zakiyya ta gyara tabarau, ta yi ta dangwale har ta samu kujera a jirgin gobe.

"Tamba, ka latsa naka, wurin ga ƙarewa shikai," in ji ta.

"Yaya, ni za a turo ma saƙo kamar mai neman aiki? Manaja nika son gani."

Ya nufi kantar ma'aikata yana baza hannun riga. Ma'aikaciyar da ke wurin ta ce masa cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, abin da ke wayarka shi ke gabana. Gara ka hanzarta." Ya tambaye ta ko ta san da wa take magana. Ba ta sani ba, kuma babu alamar abin ya dame ta.

Sai ya koma tsakiyar zaure yana kiran manya a waya da ƙarfi, don kowa ya ji sunayensu. Wani bai ɗauka ba, wani ya ce yana taro. Na ƙarshe ya tambaye shi wane Tamba. A gefensa 'yan kasuwar shinkafa da ɗalibai suna ta latsawa, suna ɗaukar jakunkunansu suna ficewa. Ruwa kuwa ko a jikinsa, zuba kawai yake.

Da zauren ya kusa zama wayam, ya dawo ya zauna kusa da yayarsa, ya miƙa mata wayar yana kallon wani gefe.

"Duba mini abin nan, idona ba ya gani sosai."

Ta duba. "Na gobe ya cika. Sai Lahadi."

"Walimar jibi ce fa."

"Awo, ai na sani."

Washegari da safe Hajiya Zakiyya ta tashi abinta. Shi kuwa Alhaji, tasha ya nufa a ɓoye cikin keke, ya samu wuri a bayan wata mota tsakanin buhun albasa da wani dattijo mai riƙe da zakara. Sun kwana a hanya bayan Yawuri saboda taya ta fashe. Ya isa Abuja ana kwashe kujeru, darakta ya daɗe da shiga gida.

Da ya dawo Gesse, ya shaida wa 'yan majalisarsu cewa shi ya fasa hawa jirgin, don bai yarda da matuƙin ba. Suka jinjina kai, domin shi ke sayen shayi.