Kafso a Haɓar Zane

Kwana da kwanaki Nuriyya, ɗiyar yayana Ƙasimu, tana zawo da jini. Shekararta uku. Da aka kwantar da ita a asibitin da nake aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ni na karɓi bahayarta na shuka a faranti don ƙwayoyin cutar su tsiro. Muna jera ƙananan takardu masu magani iri-iri a kai. In magani na aiki, sai a ga fili ya kewaye takardarsa, inda ƙwayoyin cutar suka kasa zuwa. A farantin Nuriyya babu fili ko ɗaya. Sun tsiro har jikin kowace takarda.

Likita ya duba ya ce saura wata allura guda, babu ita a Sakkwato, an aika nema. Ya ce kafin nan kada a ba ta komai sai ƙarin ruwa.

Da la'asar matan unguwarmu, Ƙofar Marke, suka zo dubiya. Gwaggo Balaraba ta zauna bakin gado, ta kwance haɓar zanenta, ta fito da kafso huɗu, ja da rawaya.

"Ragowar na ɗana Jelani ne, da shi yay yi irin wanga," ta ce wa Wasila, uwar yarinyar. "Biyu nib ba shi, yam miƙe."

Wata ma ta ciro nata daga jaka. A unguwarmu haka ake yi. Ba a zubar da ragowar magani, maƙwabci ake ajiye wa.

"Gwaggo, ba zai yi mata ba," na ce a hankali. "Cutar ta saba da shi. Yawan shan rabi-rabin ne ya koya mata."

"Ji min likitar gidanmu! Cuta na zuwa makaranta ne, Safiya?"

Suka yi dariya. Na sunkuyar da kai.

Bayan sun tafi na sake yi wa Wasila bayani, ita kam ta saurara. Ta tambaye ni sau biyu, na ga ta gane. Ta tura kafson ƙarƙashin filo.

Washegari allura ba ta zo ba. Kwana na biyu ma haka. Idon Nuriyya ya faɗa, ta daina kuka, sai dai ta buɗe baki ba murya. Da na shigo da rana, na tarar Wasila ta ɓare kafso tana zazzage garin cikin cokalin koko.

"Anti Wasila, na gaya miki..."

"Na ji ki. Na yarda ba ya yi." Ba ta dube ni ba. "To mi zan ba ta? Hwaɗa min, Safiya. Ke kin yi karatun."

Na tsaya ina kallon cokalin. Kokon na shirin zubewa.

Na matsa na tallabo kan Nuriyya.